Charles Diggs: ya aka yi Sanata ya koma ɗan majalisar wakilai?

Ɗan Ƙofar Mata:
Assalamu alaikum jama'a. Ina haɗa aikin makaranta kan 'yan siyasar Amurka da suka tsaya wa Afirka, sai na ci karo da wani Charles Diggs, mutumin Detroit. An ce ya yi sanata daga 1951 zuwa 1954, sannan a 1955 ya koma majalisar wakilai. Abin ya ɗaure min kai. A nan Kano in Sanata ya yi haka ai cewa za a yi jam'iyya ta yi masa kora da hali. Wai kuma har gidan yari ya je. Wa ya san labarin?

Malam na Gwale:
Wa alaikumus salam ɗana. Ci gaba ya samu. Mu majalisar dokokin jiha ɗaya gare mu, su kuwa kowace jiha tana da biyu, ta dattawa da ta wakilai, in ka cire Nebraska. Diggs sanatan jihar Michigan ne kawai, tafiyarsa Washington kuwa shi ya mai da shi baƙar fata na farko da jihar ta tura majalisar ƙasa.

Kujerar sanatan jihar ma ta mahaifinsa ce. Gidansu sana'ar shirya gawa da jana'iza suke yi, kuma duk baƙaƙen Detroit sun san su. An ɗaure uban kan cin hanci, ya fito ya sake cin zaɓe, majalisa ta ƙi rantsar da shi, ɗan ya tsaya ya ɗauke kujerar.

Ni abin da ya sa nake ganin girmansa shi ne 1955. Yana sabon ɗan majalisa ya tafi Mississippi ya zauna a kotun da ake shari'ar waɗanda suka kashe Emmett Till, yaro baƙar fata ɗan shekara 14. A lokacin baƙar fata ya shiga wannan kotu, ai ya sayar da rai ne. A 1957 yana cikin tawagar da ta je bikin 'yancin Ghana. Daga 1969 ya riƙe ƙaramin kwamitin Afirka, ya takura wa gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu, a 1971 kuma ya zama shugaban farko na ƙungiyar baƙaƙen 'yan majalisa.

Hajiya ta Fagge:
Malam, Allah ya ƙara girma, amma kun tsallake inda yaron ya tambaya. Ƙara wa hadimansa albashi yake yi, su kuma su dawo masa da rarar ya biya basussukansa. A 1978 kotu ta same shi da laifi, majalisa ta tsawatar masa a 1979, ya ajiye muƙami a 1980, ya yi wata 7 a kurkuku. Ƙanin mijina ya taɓa yi wa wani ɗan siyasa hadimi, katin cirar kuɗinsa ma ba a hannunsa yake kwana ba. Shi ya sa labarin nan bai ba ni dariya ba.

Ɗan Ƙofar Mata:
To Hajiya, mutanen mazaɓarsa sun juya masa baya ke nan?

Hajiya ta Fagge:
Ina! Wata guda bayan hukuncin aka yi zaɓe, suka sake mayar da shi da rinjaye mai yawa.

Malam na Gwale:
Haka aka yi, ban musa ba. Ɗana, ka sa duka biyun a aikinka. Da ya fito sana'ar gidansu ya koma, a jihar Maryland, har ya rasu a 1998.