Ƙanwata fitsari na zubo mata tun da ta haihu, ina za mu nufa?

Maman Ilham:
Salamu alaikum 'yan uwa dan Allah a taimaka min da shawara. Ƙanwata ce a wani ƙauye ta wajen Ringim ta kwana biyu tana naƙuda a gida kafin a kai ta asibiti, yaron bai zo da rai ba, to yanzu ko arba'in ba ta yi ba fitsari sai zuba yake ba ta ma sanin fitarsa, zani a jiƙe katifa a jiƙe, ƙafarta ɗaya ma jan ta take. Uwar mijin ta dage wai sanyi ne ya kama ta, sai jiƙe-jiƙe ake ɗura mata.

Anti Nas:
Wa alaikumussalam, Allah ya ba ta lafiya ya sa mai ceto ne. Wannan ba sanyi ba ne 'yar uwa, alamun yoyon fitsari ne. In naƙuda ta yi tsawo kan yaro na danne mafitsara a jikin ƙashin ƙugu, jini ya daina zuwa wajen, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki sai ya ɓule, jan ƙafar ma daga nan ne jijiya ce ta dannu. Ku kai ta Jahun, babban asibitin, ƙungiyar likitocin agaji ta MSF na aikin nan tun 2008 kuma kyauta ne. Kar ku ce sai ta gama wankan jego, in an je da wuri kuma ƙofar ƙarama ce wani lokaci robar fitsari kawai za a sa mata na wasu makonni ta haɗe ba tare da tiyata ba. Kuma ta sha ruwa sosai, na san rage sha suke yi don kunya, to shi ke sa fitsarin ya yi kauri ya ci fata ga zarni.

Ummu Sadik:
Wlh gaskiya ne. In Kano ta fi muku sauƙi akwai sashen masu yoyon fitsari a asibitin Murtala. Sai dai a ja kunnen mijin tun yanzu, bayan aiki watanni za a hana su kwanciya, haihuwa ta gaba kuma sai dai a yi mata aiki a ciro.

Baban Walid:
Ku yi haƙuri na shigo zancen mata. Kar ku tsaya gardama da surukuwar, ku samu mahaifin yarinyar ya kira mijin su yi magana, shi ba zai iya musa masa ba.

Maman Ilham:
Na gode Allah ya saka da alheri. Baba ya kira shi ya yarda, Anti Nas sai an zo da takarda daga asibitin da ta haihu ko haka kawai za mu je?