Gwajin maniyyi ya nuna ƙaranci, ban san ta ina zan fara ba

Assalamu alaikum. Ina Aboabo a Kumasi, shekarata 38. Shekara 6 da aurenmu, ko ɓari matata ba ta taɓa yi ba.

Duk tsawon wannan lokaci ita ake ta yi wa magani. An yi mata gwajin jini, an ɗauki hoton bututun mahaifa, likita ya ce lafiyarta ƙalau. Jiƙe-jiƙe da rubutun sha kuwa ta sha har ta gaji, ga gorin dangina, ga Hajiyata kullum tana cewa in ƙara aure. Ni ma ban taɓa zargin kaina ba, tunda ba ni da rauni wajen kwanciya. Ashe wannan daban, haihuwa daban.

Watan jiya na yi gwajin maniyyi bayan kwana 3 ban kusance ta ba. Sakamakon ya nuna ƙwayoyi miliyan 5 a kowace mililita, alhali mafi ƙarancin ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya miliyan 16 ne. Yawancinsu ma ba sa motsi sosai. Sati biyu kafin gwajin na yi zazzaɓin cizon sauro mai zafi. Ina da shekara 19 na yi hangum, maraina na hagu ya kumbura, har yanzu ya fi ɗayan ƙanƙanta. Maganin gargajiya da na saya na sidi 400 bai tsinana komai ba sai ciwon ciki.

Ban gaya wa kowa ba sai ita, kuma ganin yadda ta yi shiru yana damuna ƙwarai.

Don Allah masu ilimin abin, in jira wata 3 in sake gwajin saboda zazzaɓin, ko in wuce wurin likitan mafitsara a asibitin Komfo Anokye yanzu?