Agogon auna bugun zuciya: na hannu ko na ƙirji?

Dan_Birni:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah waɗanda suka san kan abin ku ba ni shawara. Shekaruna 42, kilo 98, tumbi ya fito har 'yan fadarmu sun fara ce min Alhaji alhali ban je ba. Na fara tafiyar ƙafa bayan sallar asuba, to ina so in sayi agogon nan mai auna bugun zuciya in ga ko wahalar da nake sha tana aiki. Na ga wasu a kasuwar Dole, Oraimo da wasu marasa suna, wani kuma ya ce min sai na ɗaurawa a ƙirji shi ne na gaskiya. Abin da ke hannuna bai wuce jikka 20 ba, wanne kuke gani?

Metir_Sipor:
Wa alaikumus salam yaya. Wanda ya ce maka na ƙirji ya fi daidai bai yi ƙarya ba, don shi wutar da zuciya ke fitarwa yake ji kai tsaye, irin su Polar H10 ko na Garmin, shi kuwa na hannu koren haske ne yake haskawa cikin fata yana ƙirga yadda jini ke wucewa, shi ya sa in ya yi sako-sako ko kana wurga hannu da ƙarfi sai ya rikice, wani lokaci har kana haki shi yana nuna maka 90. Amma fa kai tafiya kake yi ba tseren gudu ba. A tafiya na hannu ya wadatar, kuma jikka 20 ba za ta kawo maka Polar ba ko a mafarki. Nemi Xiaomi Band ko Huawei Band, cajinsu na kai sati da ɗoriya, ka ɗaure shi sama da ƙashin wuyan hannu kaɗan ya kama da kyau.

Lissafin kuma ga shi: 220 ka cire shekarunka, saura 178, wannan shi ne ƙololuwar bugun zuciyarka a minti a kimance. Ka riƙa tafiya bugun yana tsakanin kashi 60 zuwa 70 na wannan, wato 107 zuwa 125 a minti. Hukumar lafiya ta duniya minti 150 na motsa jiki ta ce a sati, mafi ƙaranci kenan.

Mai_Salula:
Ni dai marasa sunan nan nake tsoron maka Alhaji (ka yi haƙuri sunan ya bi ka har nan). Sana'ata ce, Kano nake saro kaya, akwai waɗanda fitila ce kawai aka sa musu a baya, lamba suke jefowa yadda suka ga dama. Kafin ka ba da kuɗi ka gwada a gaban mai shago: sa yatsu biyu a wuyan hannu ka ƙirga na sakan 15, ka ninka sau 4, ka duba ko ya yi kusa da abin da agogo ya nuna. sannan ka yi tsalle-tsalle na minti ɗaya, in lambar ba ta hau ba ajiye masa kayansa. Kar ka ji kunyar mutane.

Maman_Hadiza:
Duk kun tsaya kan agogo, ba wanda ya tambaye shi me yake ci. Ƙanena, wurin da agogon nan ya fi yaudarar mutane shi ne lissafin kalori, wato ma'aunin ƙarfin abinci da jiki ke ƙonawa. A 2017 jami'ar Stanford a Amurka ta gwada agoguna 7, a bugun zuciya yawancinsu sun yi daidai, amma a kalori wanda ya fi kyau ma kuskurensa kashi 27 ne, na ƙarshe kuwa har 93. Sai mutum ya ga an rubuta masa ya ƙona 500 ya je ya rama da fanke da fura mai sukari. Kilo ɗaya na kitse kusan kalori 7700 ne, ka ga ba tafiyar safe ɗaya ba ce. Kuma tunda ka ambaci fada, shayin nan zagaye uku da kuke sha kullum ka san sukarin da ake zubawa a buta, ka fara daga nan.

Sai abu ɗaya mai muhimmanci, in kana shan maganin hawan jini irin atenolol, shi rage bugun zuciya yake, lissafin Metir ba zai yi maka aiki ba, kada ka matsa wa kanka wai sai ka kai 125. Ka je a auna ka tukuna.

Dan_Birni:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Hajiya ba na shan magani amma an jima ban auna ba, zan je. Shayi kam a bar min zagaye ɗaya don Allah 😂 Metir, in zafi ya shigo fa, lambar ɗaya ce?

Metir_Sipor:
Lambar da za ka tsaya a kai ɗaya ce, amma za ka ga ka kai ta da wuri. Afrilu da Mayu in rana ta wuce digiri 40 zuciya na ƙara aiki don sanyaya jiki, tafiyar da ke ba ka 115 lokacin hunturu sai ta ba ka 130. In ka ga haka rage sauri, ka riƙe gorar ruwa, ka dawo gida kafin hantsi. In kuma ka ji jiri ko ƙirji ya riƙe, tsaya nan take ka hau kabu-kabu zuwa asibiti ko me agogo ke nunawa.