Neman kalma: me za mu kira "cycling" na sabon tankin kifi da Hausa?

Assalamu alaikum masu kifin ado. Akwai kalma ɗaya da nake so mu zauna mu yanke mata hukunci yau, wato abin da Turawa ke cewa "cycling" idan mutum ya sayi sabon tankin gilashi. Mu dai saikilin muke cewa, 'yan'uwanmu na Nijar kuma da suke koyo daga bidiyon Faransanci siklaj suke cewa, kuma duka biyun babu abin da suke gaya wa sabon shiga. Ka ce wa mutum yayi saikilin ɗin tankinsa kafin ya zuba kifi, in ya ɗan ji turanci keke zai faɗo masa a rai, in bai ji ba ya gyaɗa kai kawai ya tafi, bayan sati biyu ya dawo yana cewa kifinsa sun mutu ɗaya bayan ɗaya kuma ruwan fes yake babu datti ko kaɗan. Wallahi abin yana min ciwo, domin rai ne ake asara, ga kuɗi, ga yaran gida da suka shaƙu da kifin.

Bari in fara faɗin mene ne abin, don kar mu raɗa suna ba mu ga fuskar jaririn ba.

Kifi yana fitar da amoniya, mafi yawa ta wurin da yake numfashi a gefen kai, sauran daga kashinsa da ragowar abincin da ya ruɓe a ƙasan tanki. A kogi ko tafki ruwa da yawa, babu damuwa. A tankin lita 60 kuwa nan da nan take taruwa, kuma guba ce, tana ƙona wurin numfashin kifi, sai ka ga yana ta hawowa sama yana haki. Abin da ke ceton kifi wasu bakteriya ne da ido ba ya gani. Kashi na farko, irin su Nitrosomonas, suna cin amoniya su mayar da ita naitirait. Ita ma naitirait guba ce, tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iska har jinin ya koma ruwan ƙasa. Sai kashi na biyu, Nitrospira, su mayar da naitirait ta zama naitiret, wadda kifi ke iya jurewa in ba ta yi yawa ba, ita ce muke ragewa da canjin ruwa duk sati. To sabon tanki ba shi da waɗannan bakteriya yadda za su isa, kuma haihuwarsu a hankali take, wasu bakteriyar cikin minti 20 sun ninka, su waɗannan sai su kusa cinye yini guda kafin su ninka sau ɗaya. Shi yasa abin yake ɗaukar sati 4 zuwa 6, wani lokaci har 8. Wannan jiran da ciyar da su har su yi yawa, shi ne abin da muke nema wa suna.

Da na jefa tambayar a tsakaninmu, shawara ta farko da ta shigo daga ƙanina ɗan jami'a ce, ya ce mu ce zagaye ko kewaye tunda ma'anar kalmar kenan. Ƙanina na gode, kuma a aji kana da gaskiya, zagayen naitirojin yayi daidai a littafin kimiyya, a bar shi a can. Amma ka lura a cikin tanki ma abin ba ya zagayowa, hanya ce miƙaƙƙiya, amoniya zuwa naitirait zuwa naitiret, daga nan sai bokiti. Sannan in na ce wa mutum "ka zagaya tankinka" me kake tsammani zai yi? Kalmar ba ta nuna masa aikin da zai yi da hannunsa ba.

Ƙanin nawa ya kuma ƙara da cewa tun 1890 wani masani mai suna Sergei Winogradsky ya gano waɗannan bakteriya a cikin ƙasa, kuma littattafan kifi na da duk Nitrobacter suke rubutawa a matsayin mai aikin kashi na biyu, sai a 1998 binciken Timothy Hovanec da abokan aikinsa ya nuna a tankin ruwan daɗi Nitrospira ce ke yin yawancin aikin. Wannan ya amfane mu, ko ba komai wanda zai sayi bakteriyar kwalba ya san sunan da zai duba a jikin kwalbar.

Sai Hajiyarmu da ta ce ai kwantar da ruwa ne, ita haka mai shago ya gaya mata, ta zuba ruwa ta bar shi kwana biyu ya kwanta sannan ta sa kifi. Hajiya, ranki ya daɗe, wannan kalmar ita ce na fi tsoro a cikin duka, saboda tana da daɗin faɗa kuma mutane sun riga sun saba da ita, amma wani aiki ne daban. Barin ruwan famfo ya kwana a buɗe don kilorin ya fita ne, shi ma in kilorin zalla ne, in irin wanda aka haɗa da amoniya ne da ake kira kiloramin ko sati yayi ba ya fita sai an ɗiga maganin cire shi. Kuma ruwan da aka ajiye babu komai a ciki ko wata uku yayi bakteriyarmu ba za su ƙaru ba, tunda babu abin da za su ci. Mu bar kwantar da ruwa da ma'anarta, tana da amfani a wurinta, kar mu ɗora mata kayan da ba nata ba.

Haka ma tsima ruwa da wani ya kawo, da nunar da ruwa. Tsimi yana da jira a cikinsa, na yarda, nuna kuma kalma ce mai kyau zan dawo kanta. Matsalata da su duka ita ce kalmar ruwa ɗin nan. Bakteriyar ba a cikin ruwa suke yawo ba jama'a, manne suke a jikin abu, soson filta (na'urar tace ruwa), tsakuwa, yashi, jikin gilashi, itacen ado, mafi yawa a filta domin nan ne ruwa mai iska ke wucewa dare da rana. Duk sunan da ya sa sabon shiga ya ɗauka ruwan ne ake gyarawa to ya kai shi ga ɓarna iri biyu da kullum muke gani. Na ɗaya yaje ya roƙo jarkar tsohon ruwa daga tankin abokinsa ya zuba ya ce shikenan ya gama, alhali kusan babu abin da ya ɗauko sai naitiret. Na biyu ya ƙi canza ruwa don kar ya zubar da abin da ya tara, amma kuma ya cire soson filta ya kai bakin famfo ya wanke shi tas har da omo saboda yaga yayi baƙi, ya kashe aikin wata biyu cikin minti biyar. Soso a cikin bokitin ruwan tankin ake matsa shi sau biyu uku a mayar, ba a so yayi fari.

Saboda haka ni shawarata ita ce RAINON TANKI.

Dalilina, duk Bahaushe in yaji raino ya san abubuwa uku ba sai an faɗa masa ba: akwai mai rai a wurin, sai an ciyar da shi, kuma ba a gaggawa. Kuma su ne gaba ɗaya darasin. Kana ɗiga amoniya har abin gwaji ya nuna miligiram 2 a kowace lita, in baka samu amoniyar kwalba mara sabulu da turare ba ka riƙa zuba ɗan abincin kifi kaɗan kullum ya ruɓe a ciki, filta a kunne babu kashewa, kana gwadawa duk bayan kwana biyu ko uku. Da farko amoniya ce kawai zaka gani, sai naitirait ta ɓullo ta haura sama sosai ta tsaya kamar ba za ta sauko ba, nan ne mutane da yawa ke karaya su ce abin baya yi, alhali kashi na biyu ne ke tasowa, sai wata rana ka gwada ka ga ta faɗi. In ka sa amoniya miligiram 2 yau, gobe war haka ka tarar amoniya sifili naitirait sifili ga naitiret ta bayyana, raino ya kammala. Ka canza ruwa mai yawa, ka kawo kifi kaɗan kaɗan ba duka rana ɗaya ba.

Kuma kalmar tana haihuwa, wannan ne ya ƙara sa na riƙe ta. Rainon tanki babu kifi, shi ne wanda na bayyana. Raino da kifi a ciki, ga wanda ya riga ya sayo kifin kafin yaji labari, shi sai canjin ruwa akai akai, rage abinci, da ɗan gishiri mara haɗi in kifin masu jure gishiri ne domin yana rage shigar naitirait jini. Sannan a ce raino ya koma baya, idan an ɗauke wuta yini guda filta ta tsaya iska ta ƙare wa bakteriyar, abin da mu nan ba sai an yi mana bayani ba, shi yasa nake roƙon kowa ya nemi ɗan ƙaramin famfon iska mai USB ya haɗa da pawa bank. In kuma an gama, nan ne kalmar nuna ta samu gurbi, a ce tanki ya nuna, ko bai nuna ba tukuna. Tanki fa, ba ruwa ba.

Baba Alhaji mai kiwon tarwada ya kawo gyara mai nauyi kuma dole in amsa shi da kyau. Ya ce su a wurinsu raino na 'ya'yan kifi ne, suna da tankin raino inda ake ajiye ƙanana kafin su isa sayarwa, to rainon tanki da tankin raino ba za su rikita mutane ba? Allah ya ƙara girma Baba, gaskiya ne sun yi kusa. Amma ina ganin kunnen Bahaushe yana rabewa, yadda yake rabe kifin ruwa da ruwan kifi ba tare da ya tsaya tunani ba. Wanda yake jin tsoron rikicewa ya ce rainon filta, ni ba zan yi musu ba, ta wani gefen ma ta fi nuna inda aikin yake, na dai zaɓi tanki ne saboda tsakuwa da yashi su ma suna ɗauke da nasu. Baba ya kuma tambaya ko daidai yake da abin da suke yi wa sabon kwamin siminti, su cika shi da ruwa da bawon ayaba ko kashin kaji su bar shi kwanaki. A'a Baba, wancan babban dalilinsa cire kaifin siminti ne don kar ya ƙona kifi, kuma ku kuna zubar da ruwa ku sake sabo kusan kullum shi yasa amoniya ba ta samun zama, mu kuma ruwa ɗaya ne ke juyawa ta filta.

Wata 'yar'uwa daga Maraɗi ta kawo wadda na karɓa hannu biyu. Ta ce in za a ɗauko ɗan yankin tsohon soso daga tankin da ya nuna a cusa a sabuwar filta, a kira shi ɗibar iri, yadda mai kindirmo ke ajiye ɗan na jiya ta zuba a sabuwar madara don ta kama. Madalla, haka abin yake, kuma wannan hanyar tana iya rage jiran zuwa sati ɗaya ko biyu, sharaɗi dai tankin da aka ɗebo daga ciki ya zama kifinsa lafiya lau, kuma a kawo soson a jiƙe cikin leda da ruwan tankin, kar ya bushe a hanya.

Roƙo ɗaya, mu daina ce musu ƙwayoyin cuta. Na san haka aka saba fassara bakteriya a rediyo da asibiti, amma in ka ce wa uwa mai yara ta yi rainon ƙwayoyin cuta a falonta ai ka gama korar ta. Mu ce bakteriyar filta, ko bakteriya masu amfani.

To ga inda muka tsaya, rainon tanki ga aikin, tanki ya nuna ga kammalawa, ɗibar iri ga aron soso, kwantar da ruwa ta zauna a wurin kilorin. Wanda bai gamsu ba ya kawo tasa da dalili, ƙofa a buɗe take. Abin da ya rage kuma har yanzu ban ji wanda ya kwanta min ba shi ne naitirait da naitiret, a baki kusan ɗaya suke, a saƙon murya kuwa sai ka sake saurara sau biyu, alhali ɗaya tana kashe kifi cikin kwanaki ɗayar kuma har shuka ake ba wa ruwanta. Wani ya ce mu riƙa ce wa naitirait guba ta biyu, naitiret kuma taki, wato amoniya guba ta farko kenan. Taki ɗin ya min, guba ta biyu ce nake ɗan jinjinawa. Masu shagon kifi na Kano da Kaduna, ku da kuke yi wa kwastoma bayani kullum, me kuke ce musu?