Shekara tara a sashen katin ATM, yanzu an yi min tayin wani aiki

Bilkisu: Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Shekarata tara a sashen katin ATM na wani banki. Na shiga lokacin ana sauya wa mutane tsofaffin katuna masu baƙin layi a baya da masu cip, har dare nake zama ina jera ambulan ɗin lambar sirri, yatsuna duk yankan takarda. Shugabar da ta ɗauke ni ta riƙe ni kamar ƙanwarta, ranar da mahaifina ya rasu ita ta fara zuwa. Yanzu wani kamfanin biyan kuɗi ta waya ya neme ni, sun ba ni mako ɗaya. Katin nan yana da sauran gaba, ko kasuwarsa ta fara watsewa ne ban sani ba?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, tattara ki tafi, kati ya gama yayi. Indiya ta fito da tsarin biyan kuɗi ta waya mai suna UPI a 2016, babban bankin Brazil ya fito da irinsa mai suna Pix a Nuwamba 2020. Ka ɗauki hoton lambar QR, kuɗi ya tashi daga asusunka zuwa na mai kaya nan take, babu Visa babu Mastercard a tsakani. Ribar ma an toshe ta: tun 2015 Tarayyar Turai ta ce abin da bankin mai katin ke samu a kowane ciniki da katin ATM kada ya wuce kashi 0.2 cikin ɗari, da katin bashi kuma kashi 0.3.

Maman Ilham: Ashe ku ne a sashen! An cire min kuɗi sau biyu a POS, takarda ta fito wai ciniki bai yiwu ba, ga alat a wayata. Na cike fom har sau uku. Wata biyu yanzu shiru.

Injiniya Nura: Malam Habu, a yi dai a hankali. Apple Pay da ya fito a 2014, me ke cikinsa? Katin ne aka loda a waya, aka ɓoye ainihin lambarsa da wata lamba ta wucin gadi. Robar ce za ta ragu, hanyar tana nan. Kuma in ka biya da kati kaya ba su zo ba, kana iya kai ƙorafi banki a dawo da kuɗinka. Tiransfa kuwa in ka tura wa ɗan damfara, sai addu'a.

Maman Ilham: A dawo da kuɗi? Injiniya, nawa fa?

Malam Habu: Nura, na girme ka a harkar nan. Haka aka yi ta cewa a kan cak. Yau wa ke yawo da littafin cak?

Hajiya Rabi: Bilkisu 'yata, ba ki faɗi albashin ba. Kamfanin shekararsa nawa? Akwai fansho? Ƙanena irinsu ya koma, wata takwas suka sallame su ta imel.

Bilkisu: Hajiya, ba maganar kuɗi ba ce. Kuma Malam Habu, ba zaman banza na yi ba, ni na jagoranci fitar da katin da ake dangwalawa kawai a na'ura, har yau mutane layi suke yi su karɓa. Wanda zai yi tafiya ƙasar waje ko sayayya a intanet, kati yake nema.

Malam Habu: To ai kin riga kin yanke hukunci. Me ya kawo neman shawara?

Bilkisu: Ban yanke ba wallahi. Ban dai san da wane ido zan kalli shugabata ba.

Injiniya Nura: Ki tambayi kamfanin ko suna da shirin fitar da nasu katin. Da yawansu daga ƙarshe katin suke fitarwa.

Maman Ilham: Bilkisu, kafin ki tafi don Allah, fom na huɗu zan cike ko manaja zan nema?