Bota mai gishiri ko marar gishiri, wacce ta dace da kek?

Maman Hanifa, Garwa: Salamu alaikum 'yan uwa. An ba ni aikin kek ɗin suna ranar Asabar. A kanti na tarar da bota iri biyu, ɗaya an rubuta doux, ɗaya demi-sel. Don Allah wacce zan ɗauka?

Hajiya Babba, Marwa: Wa alaikumus salam. Ɗauki doux, 'yata, ita ce marar gishiri. Kek ba ya rasa ɗan gishiri, shi ke fito da zaƙin, amma gara ki zuba da hannunki ki san abin da kika zuba. Ita demi-sel a ƙa'idar Faransa gishirinta daga rabin kashi ɗaya ne har zuwa kashi 3 cikin 100, kowane kamfani da nasa awon. Idan mai kashi 2 ce, giram 250 na ɗauke da gishiri giram 5, kusan ƙaramin cokali guda ke nan. Ki ƙara naki a kai, kek ya ɓaci.

Anti Larai, Njamena: Hajiya gaskiyarki, sai dai a yi la'akari da zafinmu. Watan Afrilu, ga ɗaukewar wuta, marar gishiri saurin canza wari take yi. Mai gishiri ta fi jurewa. Ni ita nake ajiyewa don cincin da biskit, in cire gishirin haɗin gaba ɗaya, kuma ba wanda ya taɓa kawo ƙorafi.

Hajiya Babba: A cincin na yarda. A kirim ɗin ado kuwa sam! Bota da sukari ne kawai, babu fulawar da za ta ɓoye gishirin, kuma ba ya ciruwa.

Maman Hanifa: To Jadida fa? Ta fi sauƙin kuɗi.

Anti Larai: Wannan majarin ce ƙanwata, man tsirrai ne. Kek zai tashi lafiya, amma ba za ki ji ƙamshin nan na madara ba. Ki duba jikin robar ko da gishiri.

Inna, Ngaundare: Kun manta da man shanunmu na wajen Fulani masu tallan nono, shi ma ba gishiri. Ki wanke shi da ruwan sanyi har ruwan ya daina fari, tsamin nonon zai ragu, ki matse shi sosai don yana riƙe ruwa. Amma kada ki sayo soyayye mai albasa, wannan na tuwo ne.

Maman Hanifa: Allah ya saka da alheri. Doux zan saya don kek da kirim, tunda na suna ne. Inna, ranar kasuwa zan nemo man shanun in gwada a kek ɗin yara.

Hajiya Babba: Ki fito da ita daga firij ta yi laushi kafin ki buga da sukari, amma kada ki bari ta narke. Allah ya raya jariri.