Uwar miji a littafin rikicin aure: muhawarar zauren makaranta littattafai na Zariya

Malama daga Tudun Wada: Assalamu alaikum. Daren jiya na gama wani littafi a kan auren da ya ƙi zama lafiya, kuma raina ya ɓaci da abin da aka yi wa uwar mijin. Duk inda ta fito, da carbi a hannunta tana cewa a saki yarinyar, ba a taɓa gaya mana abin da ya taurara zuciyarta ba. Ni surukata ce ta yi kwana arba'in tana dafa mini ruwan wankan jego, tana dama mini kunun kanwa da hannunta. Har yaushe marubutan adabin kasuwa za su riƙa ɗaukar ƙananan taurarin labari, irin su uwar miji, tamkar itacen hura wuta?

Ɗalibi daga Samaru: Malama, a yi haƙuri, kalmar "kasuwa" cin fuska ce. Laƙabi ne da aka liƙa wa littattafan da matasa, ciki har da mata da yawa, suka fara bugawa da kuɗinsu a Kano tun shekarun 1980.

Malam daga Ƙofar Doka: Yaro, abin da aka kasa a kasuwa ai na kasuwa ne. A nan Zariya aka shirya gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa ta 1933, a nan Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, kuma a zamanin littafi ba ya fita sai edita ya tace shi.

Hajiya daga Sabon Gari: Malam, cikin littattafai biyar da gasar nan ta haifar, wanne ne mace ta rubuta? Ni Bakanuwa ce, aure ya kawo ni Zazzau, kuma sai da matan Kano suka ɗauki alƙalami kafin a ji kukan matar da aka kora da 'ya'yanta.

Ɗalibi daga Samaru: Malam, ina girmama ka, amma 'ya'yana biyu, ban cancanci a kira ni yaro a bainar jama'a ba.

Malama daga Tudun Wada: Jama'a, har yanzu ba wanda ya ce uffan a kan uwar mijin.

Shugaban zaure: Na rufe muhawara. Abin da na fahimta shi ne, Malam ya kawo hujja da shekaru, sauran kuwa ɓacin rai suka kawo, kuma ya tabbata Zariya ce mahaifar ƙagaggen labarin Hausa. Hajiya, a daina shigo mana da batun Kano.